Na Shiga Lisen Karkara, Na Fito Baki Buɗe

Duk wanda ya saba bin babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram ya haddace jerin garuruwan nan: Gidan Rumji, Tsibirin Gobir, Maraɗi, Caduwa, Agye, Gazawa, sai Tasawa. Ya san inda ake tsayawa a sayi aya, ya san inda balangu ya fi daɗi, ya san ranar da kasuwa ke cika har mota ta rasa hanyar wucewa. Amma akwai abin da ba a hangowa ta tagar mota. Yana can bayan wasu dogayen katangu, wani wurin ma babu katangar, sai tuta da ƴan gine-gine da rumfunan kara. Na sauka, na shiga, na zauna benci ɗaya da yaran, kuma wallahi tun da na fito bakina bai huta ba. Jama'a, a makarantun sakandaren gwamnati na gundumomin Gidan Rumji da Agye da Gazawa, ƴaƴan manoma na yin karatun da zai sa mai digiri ya gyara zama!

Bari in shimfiɗa tsarin tukuna, don ɗan'uwa na Kano ko Katsina ya bi ni sawu da ƙafa. Yaro yakan yi shekara 6 a firamare, daga nan ya shiga kwaleji, wadda ake kira CEG, ya yi shekara 4. Can zai haɗu da Faransanci da Ingilishi da lissafi, da fizik da kimiyyar sinadarai, da ilimin halittu, da tarihi da labarin ƙasa, har da tattalin gida da motsa jiki. A ƙarshe akwai jarabawar BEPC, wadda kowa ke kira birbe. Wanda ya haye sai lise, shekara 3, kuma aji na ƙarshe shi ne tarminal, inda uwa uba jarabawar bak ke jiransa. Inda kwaleji da lise suka haɗu cikin haraba guda, sunan makarantar CES. Maki kuwa bisa 20 ake ba da shi, kowane darasi da nauyinsa, kuma 10 ita ce iyakar da ta raba dariya da kuka. A lise ne hanya ke rabuwa: sashen A na adabi da harsuna da falsafa, sashen D na ilimin halittu da lissafi da kimiyya, sashen C na waɗanda lissafi da fizik suka shiga jininsu. Ga kuma makarantun Faransanci da Larabci, masu nasu birbe da nasu bak, waɗanda asalinsu ke komawa ga madarasar farko da aka buɗe a garin Say a 1957.

To, ajin da ya fara tsinka mini tunani na tarminal D ne. Benci na mutum biyu, amma uku ne a kai, wani ma huɗu. Ana zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Babu na'urar ƙara girman ƙwayoyin halitta, babu ɗakin gwaji, daga malam sai alli sai baƙin allon da fentinsa ya fara koɗewa. Darasin ranar gadon halitta ne. Malam ya fara da Gregor Mendel, wanda ya yi ta barbarar wani irin wake a lambu har ya wallafa sakamakonsa a 1866, ya nuna yadda sifa ke ɓuya a ƴaƴa ta sake ɓullowa a jikoki. Yaran na ta rubutu, ba ka jin komai sai ƙarar biro. Can sai ya share allo, ya zana murabba'i mai gida huɗu, ya rubuta AS a sama, ya rubuta AS a gefe, ya miƙa wa wata ɗaliba alli. Ta tashi ta gyara hijabinta, ba ta ko yi jim ba ta cike gidajen: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Amosanin jini ke nan, cutar da kusan kowa a ajin ya san wani gida da take wahalarwa.

Nan wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu. Duk darasin da Faransanci ake yinsa, amma shi da Hausa tambayar ta kuɓuce masa.

"Mushe, ke nan in ɗan fari ya zo da ita, ukun da ke bi masa sun tsira?"

Malam ya ajiye alli, shi ma ya dawo Hausa. "A'a, ɗana. Kowane ciki da tasa ƙuri'ar. Ko haihuwa goma aka yi, duk ranar da aka samu ciki, ɗaya ne cikin huɗu."

Sai aji ya kaure! Wannan na cewa shi ya sa ƙannen wane biyu suka zo da ita a jere, waccan na tambayar inda ake awon jini kafin aure, wani na tambayar auren zumunci. Malam ya bar su suka yi ta yi, sannan ya mayar da su Faransanci suka rubuta ƙa'idar da kalmomin da mai gyaran takardar bak zai nema. Ina zaune tsikar jikina na tashi. A cikin awa guda, yaran nan sun koyi lissafin yiwuwa, sun koyi ilimin gado, kuma sun fita da maganar da za su kai wa iyayensu da daddare, wadda za ta iya sauya yadda ake ƙulla aure a gidajensu.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga wata a ƙasar Agye. Wani ɗalibi ya ja ni gonar mahaifinsa, wajen Ɗan Saga, ƙauyen da ya yi suna da sassaben zamani. Wanda bai sani ba, wannan dabara ce ta barin tohon kututture a gona: a zaɓi rassa masu ƙarfi a sassabe sauran, a yi ta kula har su zama itace. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, ya fara yaɗa ta a farkon shekarun 1980, manoma suka karɓe ta suka mayar tasu, har masana suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Dattijon ya nuna mini gindin gawo, ya ce tun kakanninsa an san hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi ƙiba. Sai ɗan ya karɓe zancen. Ya ce gawo na kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa ke fitar da sabon ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zuba ya zama taki. A saiwarsa kuma akwai ƴan ƙulle-ƙulle masu ɗauke da ƙwayoyin bakteriya da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin ƙasa, kuma irinsu ne a saiwar wake da gyaɗa, shi ya sa ake haɗa su da hatsi a kunya. Ya tsuguna ya tumɓuke wake guda, ya karkaɗe ƙasar, ya nuna mini ƙulle-ƙullen da ɗan yatsa. Uban ya san abin yana aiki, ɗan ya san dalilin da ya sa yake aiki, kuma ga su tsaye a gona guda kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai. Me ya fi wannan daɗin gani?

Kada ƴan sashen A su ce na manta da su. Na shiga darasin falsafa, na tarar ana gardama a kan ko bin doka na rage ƴancin ɗan Adam. Ana ambaton Sokiratis da Dekart, malam ya kawo Paulin Hountondji na ƙasar Benin, wata yarinya ta kawo misali da yadda ake raba ruwan rijiya a ƙauyensu. Ana koya musu su kafa tambaya, su kare ra'ayi, su juyo su rushe shi da kansu, sannan su nemo matsayar da ta fi biyun ƙarfi, kuma ranar bak sai sun zauna awa huɗu suna wannan aiki a takarda. A darasin tarihi kuwa, abin da ke cikin littafi a ƙofar gidansu yake. Ɗan Tsibiri da ke karanta yaƙin Gawakuke na 1836 da yadda Gobirawa suka kafa sabon birni bayansa, ta gaban fadar Sarkin Gobir yake bi ya tafi makaranta. Ɗan Gazawa da ke karanta ta'asar rundunar Voulet da Chanoine ta 1899, da turjiyar Sarauniya a Lugu wadda Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, ya san kaburburan Turawan biyu na Mai Jirgi, gaba kaɗan da Tasawa, a kan wannan kwalta dai.

Amma in kana son ganin inda ake cin bak da gaske, jira dare. Bayan sallar isha'i, zagaya unguwanni. Za ka ga an shafa wa bangon wani zaure baƙin fenti ya zama allo. Za ka ga samari biyar ko shida sun kewaye shi a ƙarƙashin fitilar titi mai aiki da hasken rana, ɗaya na riƙe da alli, sauran na binsa da ido, da zarar ya kauce a ce masa ya koma layi na uku. Takardun jarabawar shekarun baya suna yawo hannu zuwa hannu, an buga hotonsu har rubutun ya dushe, wasu kuma ta WhatsApp wani yaya da ke jami'a ya turo. Ƴan mata na nasu a tsakar gida da fitilar hannu. Babu wanda ya sa su, babu wanda ke biyansu. Wanda ya fi gane lissafi ya koyar da lissafi, gobe shi ma ya zauna a koya masa Ingilishi. Na tsaya a gefe ina kallon wani yaro yana warware lissafin da ya cika allo tun daga sama har ƙasa, ƙafarsa da silifas ɗin da aka ɗinke da waya, kuma da ya kai ƙarshe abokansa suka yi masa tafi kamar ɗan kokawar da ya yi kaye.

Sai da na tambayi inda waɗannan yara ke kwana sannan na gane nauyin abin. Jihar Maraɗi na da mutane fiye da miliyan 3 da dubu 400 tun a ƙidayar 2012, akasarinsu a ƙauyuka. Firamare ta kai kusan ko'ina, kwaleji ta kai manyan ƙauyuka, amma lise sai babban gari. Gazawa ma sai a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Saboda haka yaron da ya ci birbe a wani ƙauye na Gangara ko Gidan Sori ko Saye Sabuwa, kafin ya yi tunanin littafi sai ya yi tunanin masauki. Wa zai riƙe shi? Wani gidan ƙanen uba, wani gidan abokin cinikin mahaifinsa, wani kuma su haɗu su kama ɗaki, ranar kasuwa a aiko musu da ƴan tiyoyin hatsi a amalanke. Na ga gidan da mai shi ke da nasa ƴaƴan rututu, amma ya shimfiɗa wa ƴaƴan wasu tabarma, matarsa na ƙara ruwan tuwo ba ta ce uffan ba. Sunan waɗannan mutane ba ya fitowa a takardar sakamako, alhali rabin nasarar tasu ce.

Ga ƴa mace kuwa, masaukin nan shi ne komai. Uba zai iya yarda ɗiyarsa ta yi karatu, amma ya ƙi yarda ta kwana inda bai amince ba, kuma daga nan sai maganar aure ta taso. Alƙaluman da UNICEF ke bayarwa sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi na cikin na gaba-gaba. Gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace a watan Disamba na 2017, aka kuma fara gina gidajen kwanan ɗalibai mata, irin wanda aka buɗe a Kelle ta jihar Damagaram a 2021. A ƙasa kuma akwai ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu, waɗanda in yarinya ta yi kwana biyu ba a gan ta a aji ba, sai su yafa mayafi su nufi gidansu. Duk yarinyar da ka gani a tarminal, ka sani ta tsallake siraɗi da yawa kafin ta zauna a bencin nan, kuma akwai wata uwa ko gwaggo da ta tsaya mata tsayin daka.

Sauran wahalhalun ma ba ɓoyayyu ba ne. Inda azuzuwan siminti suka kasa, rumfar kara ake yi, kuma kara ba ya samuwa sai an girbe hatsi, don haka wasu azuzuwan kan makara da fara karatu, ruwan farko kuma ya kore su da wuri. Har yau mutane ba su manta gobarar da ta cinye irin waɗannan rumfuna a wata firamare a birnin Maraɗi a watan Nuwamba na 2021 ba, inda yara fiye da 20 suka rasu. Malamai da yawa ƴan kwantiragi ne, wasu kuma matasa ne masu bautar ƙasa da suka fito daga jami'a. A makarantar da na fi daɗewa, A da D kawai ake da su, mai son C sai ya nemi hanyar Maraɗi. A gundumar Gidan Rumji kuma, tun 2019 dubban ƴan'uwa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako saboda ƴan bindiga, aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Yaran da suka fara boko da Ingilishi sun dawo suna fara shi da Faransanci, kuma Hausa ce gadar da ƴan ajinsu ke miƙa musu.

Na koma da damina don in ga ranar da ake faɗin sakamakon bak, kuma duk wanda bai taɓa gani ba ya nemi gani. Tun da hantsi haraba ta cika: ɗalibai, iyaye, masu masauki, ƙanne, har da masu tallan ruwan sanyi. Shugaban alƙalan jarabawa ya fito da takarda, wuri ya yi tsit. Ya fara kiran lamba da suna. Sunan farko na fita sai guɗa ta tashi! Yarinya ta faɗi ta yi sujada a kan rairayi, ƙawayenta suka rufe ta. Wani saurayi ya ji sunansa, ya zura da gudu ya bar takalmansa, ya nufi tasha don ya kai labari ƙauye. Bayan waɗanda suka haye kai tsaye, aka kira waɗanda suka kusa kai 10, aka ba su damar zagaye na biyu. Wanda ya kai 12 ko 14 ko 16 kuwa, da lambar yabo yake fita, kuma sunansa kan zagaye gari kafin la'asar. Sai kuma waɗanda ba a kira ba, su ne mafiya yawa, domin shekaru da dama waɗanda ke samun bak a faɗin Nijar ba sa kai kashi ɗaya cikin uku. Na ga malam ya bar masu murna ya je ya dafa kafaɗar wani da ya jingina da bango, yana yi masa lissafin darasin da ya ja shi ƙasa da yadda za su ɓullo masa baɗi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma a nan gudun na shekara 13 ne.

Waɗanda suka haye kuwa, ina suke zuwa bayan haka? Ba sai an yi nisa ba yanzu. A Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, mai tsangayar aikin gona da muhalli, da ta kimiyya da fasaha, da ta aikin likita, kuma sunan da take ɗauke da shi na ɗan Maraɗi ne, masanin kimiyya da ya riƙe ma'aikatar ilimi ta ƙasa. Akwai Lisen Fasaha ta Ɗan Kasawa ga wanda ya ci birbe yake son aikin injiniya ko lissafin kuɗi, akwai Jami'ar Musulunci ta Say ga masu Larabci. Babbar jami'ar Yamai kuwa sunan Abdu Mumuni take amsawa, wanda aka haifa a 1929 a Tasawa, maƙwabciyar Gazawa. Ya zama gwanin fizik, ya shugabanci hukumar binciken makamashin hasken rana ta Nijar shekara da shekaru, kuma a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya dage cewa a koyar da yara da harsunansu. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma a watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Bayan abin da na gani a darasin amosanin jini, inda jimla biyu na Hausa suka buɗe abin da rabin awa na Faransanci ya shirya, ina ɗokin ranar da za a rubuta wa yaran nan littattafan kimiyya da harshen da suke tunani da shi, ba tare da an raba su da Faransanci da Ingilishin da za su fita duniya da su ba.

Abin da na taho da shi ke nan: ƙwaƙwalwa ba ta yi ƙaranci a Gidan Rumji da Agye da Gazawa ba, himma ma haka. Abin da ke zubar da yara a hanya ƙanana ne, kuma muna iya maganinsu. Alhazan Maraɗi, ku da Allah ya buɗa wa, kun gina masallatai kun haƙa rijiyoyi, ku ƙara da gidan kwanan ɗalibai mata a garuruwanku na asali. Tsofaffin ɗaliban da ke Yamai da Kano da Kwatano da Faransa, ku haɗa hannu ku sai wa makarantar da ta yaye ku na'urar ƙara girman ƙwayoyin halitta da kayan gwaji da littattafai, ku nemo malamin da zai sa a buɗe sashen C. Magadan gari, duk shekara ku mayar da rumfa ko da guda ce ajin siminti. Mu kuma sauran, wanda ke da ɗaki a zaure ya ba ɗalibi, wanda ya cika rumbu ya ware masa dami. Ana komawa makaranta a watan Oktoba, daidai lokacin da hatsi ke shigowa gida. Mu fara da bana!